HANS WILSDORF: MARAYAN DA YA MAI DA SUNAN AGOGO DUKIYA

Duk wanda ya taɓa ratsa babbar kasuwar Minna, ko ya tsaya jiran mota a unguwar Sabo ta Ibadan, ko Shagamu, ko Agege a Ikko, ya san 'yan'uwanmu masu tallar agogo. Ga su nan riƙe da allo ko faranti, an jera agogo sahu-sahu suna ta walƙiya a rana. Da wuya mutum ya duba faranti guda bai ga wanda aka rubuta wa Rolex a fuska ba, da ɗan kambi mai tsini biyar a bisa sunan. Mai saye ya sani, mai sayarwa ma ya sani, yawancin waɗannan jabu ne. To, amma ai ba a yin jabun abin da ba shi da daraja.

Darajar kuwa ta kai inda hankali ba zai ɗauka ba. Ran 26 ga watan Oktoba na 2017, a birnin Nuyok na Amurka, an yi gwanjon wani tsohon agogon Rolex guda ɗaya, na farin ƙarfe, ba zinariya ba lu'ulu'u, aka saye shi dala miliyan 17 da dubu 752 da 500. Mai karatu zai tambaya, me aka saya da wannan kuɗi? Ba ƙarfen ba ne, domin ƙarfen bai cika tafin hannu ba. Suna aka saya, da labarin da ke bayan sunan. Wanda kuwa ya fara gane cewa ana iya gina sunan agogo har ya fi agogon kansa tsada, shi ne wani Bajamushe maraya, wanda ya yi rayuwarsa duka yana baƙo a ƙasashen mutane. Sunansa Hans Wilsdorf.

HAIHUWA DA MARAICI

An haifi Hans Wilsdorf ran 22 ga watan Maris na 1881 a wani gari da ake kira Kulmbach, cikin jihar Bavaria ta ƙasar Jamus. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya uku. Ubansa yana da kantin sayar da kayan ƙarfe, kuma gidansu akwai rufin asiri. Amma yana da shekara 12 uwa da uba duka suka mutu, ba wani nisa tsakaninsu. Sai dangi suka sayar da kantin, suka zuba kuɗin wajen karatun yaran. Aka kai Hans makarantar kwana a garin Coburg, inda ya yi fice wajen lissafi da koyon harsuna, musamman Ingilishi.

Da ya gama makaranta bai zauna gida ba, don ba gidan da zai zauna. Ya fara aiki wurin wani kamfani mai fataucin lu'ulu'u. Kamfanin ba ya haƙo lu'ulu'u, ba ya ƙera kome. Saye yake yi, ya tace, ya ware mai kyau da maras kyau, ya ɗaure, ya sayar da riba. Wannan darasi ya zauna wa yaron a rai, watau mutum yana iya cin riba a kan abin da wani ya yi, muddin dai an yarda da idonsa da maganarsa.

Cikin 1900 ya sami aikin akawu a kamfanin Cuno Korten, a garin La Chaux-de-Fonds, wanda a zamanin nan shi ne cibiyar maƙeran agogo na Suwizalan. Albashinsa faran 80 a wata. Aikinsa shi ne rubuta wasiƙu da Ingilishi zuwa ga abokan ciniki na ƙetare, sa'an nan kullum sai ya wana ɗaruruwan agogon aljihu, ya duba wanne ke gudu, wanne ke jan ƙafa. A nan ne ya san ciki da wajen agogo. Ya kamata a faɗa tun yanzu cewa Wilsdorf ba maƙerin agogo ba ne, kuma bai taɓa zama ba. Ɗan kasuwa ne.

CI-RANI A LANDAN

Bayan ya koma Jamus ya yi aikin soja na tilas, sai cikin 1903 ya haye zuwa Landan, wadda a lokacin nan ita ce uwar kasuwannin duniya. Ya yi wa wani kamfani aiki shekara biyu. Cikin 1905, yana da shekara 24, shi da wani Bature ɗan Ingila mai suna Alfred Davis, wanda kuma surukinsa ne, suka buɗe kamfaninsu, Wilsdorf & Davis, a unguwar Hatton Garden ta masu sayar da zinariya. Sukan sayo injin agogo daga masana'antar Aegler da ke garin Bienne a Suwizalan, a sa shi cikin gida na azurfa ko zinariya, su rarraba wa masu kantuna.

A wannan zamani agogon namiji na aljihu ne, mai sarƙa. Irinsa ne ma'aikatan reluwe suka riƙa ɗaukowa daga aljihu suna duba lokacin jirgi sa'ad da hanyar dogo ta taso daga Baro ta ratsa Minna ta isa Kano cikin 1911. Agogon hannu kuwa ana ɗaukarsa kayan adon mata ne, kamar munduwa. Maƙera da kansu sun raina shi, suna ganin injinsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba zai riƙe lokaci ba, ga shi kuma a fili, ƙura da gumi da girgizar hannu za su kashe shi. Wilsdorf ya ga abin da ba su gani ba. A ganinsa mutum mai aiki da hannu biyu ba shi da sukunin laluben aljihu, saboda haka ranar agogon hannu tana nan tafe. Ya zuba ɗan jarinsa a kai.

SUNA MAI HARAFI BIYAR

Matsalar farko ita ce ta suna. Al'adar kasuwa a lokacin ita ce mai kanti ne ke rubuta sunansa a fuskar agogo, wanda ya kawo kayan kuwa ba a san da shi ba. In agogo ya yi kyau, yabo na mai kanti ne. Wilsdorf bai yarda da wannan rabo ba. Cikin 1908 ya yi rajistar kalmar Rolex. Kalmar ba ta da ma'ana a kowane harshe. Abin da ya nema shi ne suna gajere, wanda zai shiga fuskar ƙaramin agogo, wanda kuma ɗan kowace ƙasa zai iya faɗa ba tare da harshensa ya karye ba. Daga baya ya ba da labari cewa sunan ya faɗo masa ne yana zaune a saman bas mai dawaki a titin Cheapside na Landan.

Masu kantuna ba su so ba. Sai ya bi su da dabara. In ya aika da agogo shida, sai ya sa sunansa a kan guda ɗaya, ya bar biyar. Da aka saba, ya mai da shi biyu, sa'an nan uku. Kusan shekara 20 ya yi yana wannan lallaɓa kafin ya kai ga kowane agogo da ya fita daga hannunsa yana ɗauke da sunan Rolex.

Matsala ta biyu ita ce ta shaida. Ya san in shi ya yabi kayansa ba wanda zai kula, domin kowane mai talla nasa ne mai kyau. Saboda haka sai ya kai agogonsa wurin alƙalan da ba su da riba a ciki. Cikin 1910 ofishin gwajin agogo na Bienne ya ba wani agogon Rolex takardar shaidar riƙe lokaci, wadda ba a taɓa ba agogon hannu ba a can. Cikin 1914 kuma ya kai wani wurin gwaji na Kew a Ingila, inda ake jarraba manyan agogon jiragen ruwa. Kwana 45 aka yi ana juya shi, a tsaye da kwance, cikin sanyi da cikin zafi, ya fito da shaida mai daraja ta ɗaya. Daga nan bakin masu cewa agogon hannu abin wasa ne ya fara mutuwa.

YAƘI YA TASHE SHI

Wilsdorf ya auri 'yar Ingila, Florence May Crotty, ya kuma karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila cikin 1911. Duk da haka da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914, sunansa na Jamusanci ya zame masa kaya. Cikin 1915 jama'a sun fasa kantunan Jamusawa a Landan. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a garin da rigima ta tashi ya san irin wannan zaman. A shekarar ce aka sauya wa kamfanin suna ya koma Rolex Watch Company, sunan Wilsdorf ya fita daga allon ƙofa.

A shekarar kuma Gwamnatin Ingila ta ɗora harajin kashi 33 da sulusi cikin ɗari a kan agogon da ake shigowa da su, don neman kuɗin yaƙi. Wannan ya sa ciniki daga Landan ya daina biya. Abin mamaki, yaƙin da ya takura shi shi ne kuma ya gaskata hasashensa, domin hafsoshi a ramukan daga sun ga ba dama a riƙe bindiga ana laluben aljihu, suka koma ɗaura agogo a hannu, suka kuma dawo gida da al'adar. Cikin 1919 Wilsdorf ya sake ɗaure kayansa ya koma birnin Jeneba na Suwizalan, inda cikin 1920 ya yi rajistar kamfanin Montres Rolex. A can ya zauna har ƙarshen ransa.

AGOGON DA RUWA BA YA SHIGA

Babban abokin gaban agogo shi ne ƙura da laima, kuma ta wurin ɗan kan da ake wani da shi suke shiga. Duk mai gyaran agogo a Minna ko Kano zai ba da shaidar abin da ƙurar hunturu da gumin bazara ke yi wa inji. Waɗansu mutum biyu, Paul Perregaux da Georges Peret, sun ƙago kan wani mai murɗawa ya ɗaure kamar noti. Wilsdorf ya sayi haƙƙin wannan ƙira, aka haɗa shi da gida mai murfin baya da shi ma ake murɗawa. Cikin 1926 ya fito da agogon da ya kira Oyster, watau sunan wata halittar ruwa mai ɓawo biyu irin ƙumba, wadda in ta rufe bakinta ruwa ba ya ratsawa.

A nan ne gwanintarsa ta talla ta bayyana. Ran 7 ga watan Oktoba na 1927 wata budurwa mai buga tafireta a Landan, Mercedes Gleitze, ta haye tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da iyo. Bayan 'yan kwanaki wata mace ta fito ta ce ita ma ta haye, daga baya ta amsa cewa ƙarya ta yi. Wannan ya sa aka fara shakkar Gleitze ita ma, sai ta ce za ta sake. Wilsdorf ya ba ta agogon Oyster ta rataya a wuya. Ran 21 ga watan ta sake faɗawa ruwa, amma sanyi ya yi tsanani, bayan fiye da awa 10 aka tsamo ta ba ta kai gaci ba. Da aka duba agogon sai aka tarar yana tafiya daidai, ruwa bai shiga ba. Ran 24 ga watan Nuwamba Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail gaba ɗaya ya baza labarin. Bugu da ƙari ya sa masu kantuna su ajiye tulun gilashi a taga, da kifi yana iyo, da agogo a nutse a ciki yana aiki.

Tun daga ranar ya kama wannan hanya bai sake ta ba: a ɗaura wa wani sananne agogo, a kai shi inda ake zaton zai mutu, in ya tsira a gaya wa duniya. Cikin 1931 aka ƙara masa wata dabara, wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa a cikin agogo duk sa'ad da hannu ya motsa, yana wana shi da kansa. Wani Bature ɗan Ingila, John Harwood, ya riga su yin agogon hannu mai wana kansa, amma irin na Rolex mai cikakken juyi shi ne ya zama abin koyi ga sauran kamfanoni. Cikin 1935 Sir Malcolm Campbell ya tuƙa mota fiye da mil 300 a awa a Amurka da Rolex a hannunsa.

BASHI GA FURSUNONIN YAƘI

Abin da ya fi nuna halin mutumin nan ya faru ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Jamusawa sukan ƙwace agogon sojan Ingila da suka kama. Da Wilsdorf ya ji haka, sai ya sanar cewa fursunan Ingila da ke sansani yana iya rubuto wasiƙa ya zaɓi agogo, a aika masa, ya biya bayan an gama yaƙi. Ba jingina, ba mai tsaya masa, maganarsa kawai. Ga shi haifaffen Jamus, amma ya ba abokan gaban Jamus bashi, a lokacin da ba wanda ya san wanda zai ci yaƙin, balle wanda zai rayu ya biya.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuto shi ne Kofur Clive Nutting, wanda ke aikin gyaran takalma a sansanin Stalag Luft III. Cikin watan Maris na 1943 ya nemi agogo mai auna daƙiƙa, aka aika masa tare da wasiƙar Wilsdorf. Daga wannan sansani ne cikin Maris na 1944 fursunoni 76 suka tsere ta ramin da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Uku kaɗai suka isa gida, Jamusawa suka harbe 50. Nutting yana cikin waɗanda suka taimaka wajen shirin, ko da yake ba ya cikin waɗanda suka fita. Bayan yaƙi ya nemi a gaya masa abin da ake binsa, aka ce fam 15 da 'yan kai. Cikin 2007, bayan mutuwarsa, aka yi gwanjon agogon tare da wasiƙun, aka saye su fam dubu 66. Wasiƙun nan su ne rabin darajar.

WAKAFI DA MUTUWA

Matarsa ta mutu cikin 1944, ba su sami haihuwa ba. Cikin 1945 ya kafa Gidauniyar Hans Wilsdorf, ya shirya cewa bayan ransa hannun jarinsa duka ya koma gare ta, a riƙa mai da wani kashi na riba cikin kamfani, wani kuma a yi ayyukan taimako da shi, abin da ya yi kama da wakafi a wurinmu. Har yau gidauniyar ce ke mallakar Rolex. Ba magada da za su yi rabon gado su wargaza shi, ba kuma 'yan kasuwar hannun jari da za su matsa a yi ta zubo kaya don ribar bana. Akwai wata gada a Jeneba da gidauniyar ta gina, aka buɗe ta cikin 2012 da sunansa.

Shekarunsa na ƙarshe su ne kamfanin ya fito da agogon da ake rububinsu yanzu. Cikin 1945 aka yi Datejust mai nuna kwanan wata ta 'yar taga. Cikin 1946 ya kafa kamfanin Tudor don masu ƙaramin ƙarfi. Cikin 1953 aka yi Submariner na masu nutso, kuma a shekarar ce ayarin da Edmund Hillary da Tenzing Norgay ke ciki ya hau ƙololuwar dutsen Everest. Rolex ya ba ayarin agogo, kamfanin Smiths na Ingila ma ya ba su, amma Rolex ne ya iya tallar, har yau shi ake tunawa. Cikin 1955 aka yi GMT-Master mai nuna lokacin gari biyu, don matuƙan jirgin sama na Pan Am, cikin 1956 kuma Day-Date mai rubuta sunan rana. Ya kuma riƙa kai wa manyan duniya kyauta, irin su Winston Churchill da Janar Eisenhower.

Ran 23 ga watan Janairu na 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka nutsa cikin jirgin Trieste zuwa wuri mafi zurfi a teku, kusan mita dubu 11, da wani agogon gwaji na Rolex ɗaure a jikin jirgin ta waje. Ya fito yana aiki. Bayan wata biyar da 'yan kwanaki, ran 6 ga watan Yuli na 1960, Hans Wilsdorf ya mutu a Jeneba yana da shekara 79.

YADDA GWANJO YA TASO

Wilsdorf bai ga kasuwar gwanjon agogon hannu ba, domin a zamaninsa tsohon agogo tsohon agogo ne kawai. Abin da ya haife ta wata masifa ce da ta auka wa sana'ar. Cikin Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir. Kafin a jima irinsa ya cika duniya, ga araha, ga shi kuma ya fi kowane agogon wani riƙe lokaci. Masana'antun Suwizalan suka riƙa rufewa. Ma'aikatansu da suka kai wajen dubu 90 cikin 1970 suka ragu zuwa wajen dubu 30 kafin tsakiyar shekarun 1980.

Tun da agogon sule goma ya fi na fam ɗari faɗin lokaci, sai ya zama mai sayen agogo mai tsada ba lokaci yake saye ba. Aikin hannu yake saye, da suna, da tarihi. Kamfanonin da suka tsira da daraja su ne waɗanda dama sun tara waɗannan, irin su Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet da Vacheron Constantin. Cikin 1974 Osvaldo Patrizzi ya kafa gidan gwanjo na Antiquorum a Jeneba, wanda agogo ne sana'arsa. Manyan gidajen gwanjo, Sotheby's da Christie's da Phillips, su ma suka shiga da ƙarfi.

A wurinmu in an ce gwanjo sai hankali ya tafi ga tsofaffin riguna. Nasu gwanjon kuwa shi ne na asali, na wa-ya-fi. Ana buga littafi mai hoton kowane agogo da tarihinsa da ƙiyasin kuɗinsa. Mai kaya yana da farashin da in ba a kai ba ba za a sallama ba. Masu tayi waɗansu suna zaune a ɗakin, waɗansu ta tarho ko intanet daga Hong Kong ko Dubai. In tayi ya tsaya, dillali ya buga guduma, sa'an nan a ɗora wa mai saye la'adar gidan gwanjo.

ABIN DA AKE BIYA

Agogon nan na 2017 da aka ambata da farko samfurin Daytona ne, wanda aka fara yi cikin 1963, bayan mutuwar Wilsdorf. Sa'ad da yake sabo kuɗinsa bai wuce kamar dala 200 ba, kuma masu irin fuskarsa sun yi ta kwantai a kantuna. Amma wannan na Paul Newman ne, shahararren ɗan wasan silima kuma mai tseren mota. Matarsa, Joanne Woodward, ita ta ba shi, ta sa aka zana masa gargaɗin tuƙi a hankali a bayansa. Masu tara agogo na Italiya su suka laƙaba wa irin wannan fuska sunansa, farashinta ya yi ta hawa. Ranar gwanjon a gidan Phillips, tayin farko da aka yi ta tarho dala miliyan 10 ne. Cikin minti 12 aka buga guduma a kan miliyan 15 da rabi, la'ada ta cike sauran.

A watan Mayu na shekarar, a Jeneba, an sayar da Rolex na Bao Dai, sarkin Biyetnam na ƙarshe, wanda ya saya a birnin cikin 1954, a kan faran miliyan 5 da 'yan kai. Cikin 2002 faran dubu 370 aka saye shi. Shugabannin Afirka ma ba a bar su a baya ba. A wannan wata dai gidan Christie's ya sayar da agogon Patek Philippe na Sarkin Habasha Haile Selassie kusan faran miliyan 3, bayan gardama a kan mallakarsa ta sa an janye shi cikin 2015. Cikin Disamba na 2024 kuma Sotheby's ya sayar da Rolex na zinariya na Shugaba Gamal Abdel Nasser na Masar, wanda Anwar Sadat ya ba shi cikin 1963, a kan dala dubu 840.

A wajen tsada dai Patek Philippe ne kan gaba. Agogon aljihu mai aiki iri 24 da kamfanin ya ƙera wa wani attajirin Amurka, Henry Graves, cikin 1933, an saye shi dala miliyan 11 cikin 1999, sa'an nan wajen miliyan 24 cikin 2014. Cikin 2019 wani agogon hannu na kamfanin ya kai faran miliyan 31 a gwanjon taimakon marasa lafiya. To, amma duk tafarkin ɗaya ne da wanda Wilsdorf ya share: suna sananne, shaida a rubuce, da mutum mai labari a bayan agogon. Kamfanonin kuma suna amfana, domin duk sa'ad da tsoho ya yi tsada a gwanjo, mai sayen sabo yakan ji cewa ba kashe kuɗi ya yi ba, ajiya ya yi.

ABIN LURA

Kada mai karatu ya ɗauka duk tsohon Rolex arziki ne. Masu tara agogo suna duba lambar da ke jikinsa, da takardunsa, da akwatinsa, da ko an sauya masa fuska ko allura, da ko an goge shi har ya sire. Wanda mai gyara ya sa wa kayan wani yakan faɗi warwas. Kasuwar kuma tana hawa tana sauka. Farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabo har zuwa farkon 2022, sa'an nan ya gangaro, waɗanda suka saya da tsada don su sayar suka tafka hasara. A ƙarshen shekarar ne Rolex da kansa ya fara ba tsofaffin agogonsa takardar shaidar cewa na gaske ne.

Hans Wilsdorf ya bar garinsu ba uwa ba uba, ya yi ci-rani a ƙasa biyu, yaƙi ya tashe shi daga inda ya kafa kasuwa, bai kuma ƙera agogo ko ɗaya da hannunsa ba. Jarinsa shi ne ya sa sunansa a kan kaya, ya yarda a jarraba kayan a gaban jama'a, ya kuma ba da amana a lokacin da amana ke da wuya. Fiye da shekara 60 bayan an binne shi, attajiran duniya suna ta tayi a kan wannan suna. Baƙon da ke neman abinci a garin mutane, ko da faranti yake talla, ko canji yake yi, ko shanu yake kaiwa, shi ma sunansa ne ke shiga kasuwa kafin kayansa. In ya sayar da kwaikwayo, ya ce kwaikwayo ne, ya karɓi kuɗin kwaikwayo. Allah Ya sa wa nema albarka, amin.